Ranar da Na Yi Rubutu Ido Rufe a Gaban Mutanen Bagudo

Ba zan taɓa mantawa da bikin ranar 'yancin kai na wata shekara a Bagudo ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina. A lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare, ban yi aure ba, wayar hannu ma ba ta gama shigowa yankinmu ba. Kwamfuta kuwa yawancin mutane labarinta kawai suke ji. Ni na yi 'yan watanni a Birnin Kebbi ina koyon buga rubutu a wani shago, na dawo da takardar shaida mai ado a gefe, na kuma dawo da wani ciwo da ban san na kwaso ba, wato jin cewa duk ƙaramar hukumar babu kamata.

Da na dawo sai muka kafa ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta. Mu goma sha wani abu ne: malaman makaranta, 'yan ma'aikatan sakatariya, wani mai ɗaukar hoto da wani mai gyaran rediyo. Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a zauren gidan mai hoton. Kwamfutarmu ɗaya ce tal, tsohuwa, fara ce a da amma ta koma ruwan ƙasa. In an kunna ta mutum zai iya zuwa ya yi alwala ya dawo ba ta gama farkawa ba. Mukan jera benci a bayan wanda ke kanta, kowa na jiran layinsa, janareto na ta kuka a ƙofar gida. Abin da muke yi bai wuce mutum ya buga sunansa ya canza masa launi ba, ko ya zana tutar ƙasa, ko a saci wasan kati in shugaba ya fita. (Shugaban ni ne. Ba zaɓe aka yi ba, na dai zauna a kujerar tun ranar farko ban tashi ba.)

Abin taƙamata shi ne ina buga rubutu ba tare da na kalli kibod, wato allon haruffan kwamfuta, ba. A kan wannan na gina duk mulkina. Na kafa doka cewa duk wanda zai hau kwamfuta sai an rufa masa hankici a kan hannu, kuma duk wanda ya leƙa ƙasa ya sauka, na bayansa ya hau. Manyan mutane masu iyali nake yi wa haka, suna haƙuri da ni saboda ba su da wani malamin.

Wanda ya fi shan wahala a hannuna shi ne Isaka. Mutumin Illo ne, can kusa da iyaka, iyayensa 'yan ƙabilar Dandawa, a tsallaken iyaka ya yi karatunsa cikin ƙasar Benin, yana kuma yi wa 'yan kasuwa aikin takardun shigo da kaya. Duk Asabar yakan taho a babur tun daga Illo. Sa'ana ne, kuma in gaskiya za a bi ya fi ni karatu, amma in ya zauna gaban kwamfutarmu sai ka ga ya rikice. Ya buga, ya goge, ya leƙa ƙarƙashin hankici, ya sake bugawa. Nakan ce masa a gaban kowa, "Isaka, kai dai kamar kaza mai tsintar tsaba." A yi dariya, shi ma ya murmusa. Ban taɓa tambayarsa me ke hana shi sauri ba. Na ɗauka haka Allah Ya yi shi.

Mace ɗaya ce a cikinmu, Malama Rabi, ma'aikaciyar asibiti daga Kende. Ita kaɗai ce ba ta shakkar gaya mini gaskiya, don haka na fi son ranakun da take bakin aiki.

Ana nan sai mai hoto ya ce mana ƙanensa zai yi aure, za a gyara zauren a mai da shi ɗaki. Ke nan ƙungiya za ta koma gindin bishiya, ko kuma ta watse. Isaka ne ya kawo maganar wani ɗan kasuwa da yake yi wa aiki, Alhaji Mamman Zakari, mai safarar shinkafa da atamfa tsakanin Illo da tsallake, wanda ke da shaguna a Bagudo, ɗaya a rufe ba a komai da shi. Muka je muka same shi. Ya saurare mu yana jan carbi, sannan ya ce, "Na ji. Amma ni ban ba da shago kan abin da ban gani da idona ba. Ku nuna mini amfanin wanga abu tukuna."

Sai muka nemi a ba mu ɗan lokaci a bikin 'yancin kai, bayan an gama faretin 'yan makaranta an koma ɗakin taro, aka kuwa ba mu. Muka aro majigi don duk abin da aka buga ya fito ɓaro-ɓaro a bango. Malama Rabi ta ba da shawarar kowa ya fito ya nuna ɗan abin da ya koya. Na ce a'a, wannan zai ɓata lokaci. Ni zan zauna a ɗaure mini ido, in yi rubutu jama'a na kallo. Ta ce, "Malam, ƙungiya za a nuna ko kai?" Na ce ai duk ɗaya ne.

Ana gobe biki muna gwaji, janareto ya yi wata irin ƙara, wuta ta yi sama, sai muka ji ƙauri. Kwamfutar ta yi ɗif. Mai gyaran rediyo ya buɗe ta, ya shinshina, ya mai da murfin ya ce sai dai haƙuri. Sai Isaka ya ce akwai wasu kwamfutoci da suka iso wa Alhaji daga Kwatano, suna ajiye a Illo, zai roƙa a ara mana ɗaya. Ya hau babur ya tafi.

Ƙarshen damina ne, hanya duk ta ɓaci. Isaka bai iso ba sai da aka gama fareti, aka cika ɗakin taro, har an fara jawabai. Ya shigo ta ƙofar baya, wandonsa duk taɓo, rungume da kwali. Shi da mai gyaran rediyo suka hau haɗa wayoyi. Ni ina gefe ina gyara zaman babbar rigar da na aro wurin kawuna, ina bitar jawabina a zuci. Sai ga Isaka.

"Shugaba, zo ka duba ta tukuna. Akwai magana kan kibod ɗin."

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau. Sai dai ba irin wanda ka saba ba ne."

"Isaka," na ce, "kibod kibod ne. Ni da ba kallonsa nake yi ba, me zan duba?"

Malama Rabi ta sa baki. "Malam, ka leƙa mana. Me zai rage ka?"

Na ɗaga mata hannu irin na manya, na ce su ji da wayoyi, su bar mini rubutu. Isaka ya dube ni, ya dubi Malama Rabi, ya koma bakin aikinsa.

Aka kira mu. Ɗakin ya cika maƙil. A layin gaba ga manyan gari, ga Alhaji Mamman da jama'arsa daga Illo, ga wani tsohon hedimasta da ya koyar da rabin mutanen da ke wurin. Ɗalibaina sun maƙale a tagogi. Na karɓi abin magana na yi bayanin zamani da ci gaba, na ce ƙasa ta samu 'yanci amma ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai 'ya'yanta sun iya kwamfuta (wannan jimlar na kwana biyu ina gyara ta). Sannan na sanar cewa yanzu za su ga abin da ba su taɓa gani ba.

Na zauna na ba bango baya, ina fuskantar jama'a, idona a kansu, ban ko dubi teburin ba don kada a ce na saci kallo. Malama Rabi ta ɗaure mini ido da koren ɗankwali. Ta ɗaure shi tamau har ya rufe mini kunnuwa, ina jin da gayya. Na lalubi kibod. Akwai wasu 'yan ƙananan tudu biyu a kan haruffan tsakiya da mai rubutu ke gane wurinsa da su. Na ji su daidai inda na san su. Na ce a raina, to ina abin da Isaka ke ta faɗa?

Na fara. Yatsuna suka yi ta gudu, kibod ɗin sabo, laushi gare shi, yana wata ƙara mai daɗi. Na buga barka da zuwa ga manyan baƙi, na buga sunan ƙungiya, na shiga yabon ƙasa. Da farko ɗakin ya yi tsit. Na ce mamaki ne. Can sai na fara jin gunaguni sama-sama ta cikin ɗankwali da ƙarar janareto. Na ce labari ne ke kai wa na baya. Sai wani ya tuntsire da dariya daga taga, wasu suka ɗauka. Na ce ai haka mutanenmu suke, in abu ya fi ƙarfin tunaninsu sai su yi dariya. Na ƙara sauri. Har kaɗa kai nake yi kamar mai kiɗan molo.

Mai gabatar da taro ya matso kusa da kunnena da abin magana.

"Malam, jama'a na tambaya, da wane yare kake wanga rubutu?"

Na ɗaga murya na ce, "Hausa ce tsantsa, irin ta Kabi!"

Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai, don ban san na iya barkwanci haka ba. Wani ya ja mini hannun riga yana raɗa, "Shugaba, dakata." Na fizge. A tunanina Isaka ne ya ga kasuwa ta yi kyau yana so a raba da shi.

Da ma a nan na tsaya. Amma sai na ce, "Don kada a ce haddacewa na yi, babban baƙonmu Alhaji ya faɗi duk abin da yake so in rubuta."

Aka kai masa abin magana. Na ji muryarsa a natse: "To, rubuta sunana in gani."

Na rubuta. Na ɗaga hannu sama na sauke yatsa ɗaya a kan harafin ƙarshe, ƙwas. Na miƙe, na rusuna dama, na rusuna hagu, sannan na kwance ɗankwalin.

Abin da na fara gani shi ne tsohon hedimasta ya cire tabarau yana share hawaye da bakin rigarsa. Wani ɗan sanda a bakin ƙofa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Ɗalibaina a taga kuwa wasu har sun faɗo. Alhaji kaɗai ne ba ya dariya, ya ƙura wa wani abu ido a saman kaina. Sai na waiwaya.

A bango, da haruffa manya-manya kamar kan mutum, layin farko na cewa:

Bqrkq dq wuzq ,qnyqn bqki

Haka abin ya gangaro layi bayan layi, kamar an watsa wa bangon tsakuwa. Can ƙasa kuma ga sunan mutumin da muke neman shago a wurinsa:

Qlhqji ?q,,qn Wqkqri

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya gudana ina ido rufe. Wai Hausawan wurin sun ce Dandanci ne. Dandawa suka ce su dai ba nasu ba ne, a tambayi Fulani. Wani Bafulatani ya rantse ba su da hannu. Aka yanke cewa Faransanci ne, sai mutanen Illo suka ce sun ga Faransanci iri-iri a kan iyaka amma ba su taɓa ganin wannan ba. Hedimasta kuma ya dage sai ya karanta a bayyane, yana "bi, kiyu, ar, ke, kiyu," har numfashinsa ya ɗauke.

Mai hankali a nan zai yi dariya tare da jama'a, ya ce ya yi kuskure, a wuce wurin. Ni sai na ɗauki abin magana.

"Jama'a, a yi haƙuri. Wannan ba daga ni ba ne. Kwamfutar nan ta kamu da ƙwayar cuta. Daga tsallake aka kawo ta, kun dai san kayan can."

Abu biyu na manta. Na farko, kwamfutar ta Alhaji ce. Na biyu, kusan rabin ɗakin nan ba wanda ba shi da uwa ko kawu ko suruki a tsallaken. Dariya ta tsaya cak. Wata dattijuwa a layi na biyu ta ja kujerarta baya, ta toshe hanci da mayafi, ta ƙwala wa Malama Rabi kira tana tambaya ko cutar na kama mutane. Alhaji ya ajiye carbinsa a cinya.

"Malam," ya ce, "kayana ne ka ce suna da cuta? Yau da safe anka buɗe kwalin nan gabana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba, bari in gyara." Na kama linzamin kwamfutar na yi ta danne-danne. Wani akwati ya fito a bango da rubutun Faransanci, yana tambayata wani abu. Ban san me yake tambaya ba. Na danna, wani ya sake fitowa. Gumi ya jiƙa rigar kawuna har baya.

Isaka ya zo ya tsaya a gefena. A hankali ya yi magana, sai dai abin magana na kan tebur a kunne, don haka har na bakin ƙofa sun ji.

"Shugaba, ba cuta ba ce. Dubi kibod ɗin."

Na sunkuya na duba, karo na farko tun da aka kawo shi. Inda na san harafin A yake, Q ne zaune. Z da W sun yi musayar gida. M ya tashi daga inda yake ya koma sama, ya bar waƙafi a wurinsa. Ashe haka kibod ɗin ƙasashen Faransanci yake. Hausa kuwa ba ta taku biyu ba ta taka A ba.

"Ɗan matsa," in ji Isaka. Yana zama ya kashe abin magana, ya ce ƙasa-ƙasa, wannan karon ni kaɗai na ji, "Bari kaza ta gwada."

Ya goge ɓarnata. Ya ɗaga kai yana kallon jama'a, ba ɗankwali ba hankici, yatsunsa suka fara aiki. Barka da zuwa ta fito daidai. Sunan Alhaji ya fito daidai. Wani daga cikin mutanen Illo ya ce a yi da Faransanci, ya yi. Dattijuwar nan ta sauke mayafi ta ce a gaishe ta da Dandanci, ya gaishe ta a bango, aka karanta mata, ta rangaɗa guɗa. Ina tsaye a gefe riƙe da koren ɗankwali, a nan na gane cewa Isaka ya daɗe da iya rubutu ido rufe. A kan irin wannan kibod ya koya, shi ya sa namu ke ruɗa masa yatsu. Watanni ke nan yana fama da abin da ni na kasa ɗauka na ɗan lokaci kaɗan, kuma bai taɓa cewa kwamfutarmu na da cuta ba.

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na dai san ban tsaya cin shinkafar biki ba.

Washegari Malama Rabi ta zo har gida ta ce in shirya mu je wurin Alhaji. Na ce ba ni da lafiya. Ta ce ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta duba ta ga lafiyata ƙalau. Muka same shi a ƙofar shagonsa ana sauke buhuna. Na durƙusa na ba da haƙuri kan maganar kayan tsallake. Ya bar ni a durƙushe ɗan lokaci, sannan ya ce, "Uwata can anka haife ta, Malam." Na ƙara sunkuyar da kai. Can sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Tashi. Na ga amfanin abin. Na kuma ga mi yake yi wa mutum in ya cika baki. Ku ɗauki shagon, da kwamfutar da kunka ara. Amma Isaka shi ne babba."

Na ce ai da ma shawarar da zan kawo ke nan. Malama Rabi ta yi tari.

Ranar Litinin na shiga aji, yara suka miƙe suka gaishe ni da ladabin da ban saba gani ba. Na juya zan rubuta darasi, sai na tarar an riga ni. An rubuta da alli, da kyakkyawan rubutu:

Bqrkq dq qsubq ?qlq,

Na tsaya na duba harafi bayan harafi. Babu kuskure ko ɗaya, sun gane ƙa'idar sarai daga kallo ɗaya ta taga. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ba da darasin da ya shiga kan yara da sauri haka ba. Daga ranar sunana ya koma Malam Kiyu. Yanzu wasu daga cikin yaran nan sun yi furfura, amma in mun haɗu a kasuwa haka suke kirana, 'ya'yansu kuma sun ɗauka sunan yanka ne.

Ƙungiya ta koma shagon Alhaji ta ci gaba, har ta yaye mutane da dama. Isaka ya soke dokar hankici a zaman farko. Ni aka ba ni kula da janareto.

Abin da na tsira da shi kaɗan ne, amma yana yi mini aiki har gobe. In ina gaban jama'a na ji an fashe da dariya, alhali ban faɗi abin dariya ba, ba na ƙara sauri. Waiwayawa nake yi.